Ƙafar Chun-bae da Buhun Waken Suya

Yau na sauka kasuwa na sayo wa ƙanena Chun-bae takalmi. Ƙafa biyu, dama da hagu. Mai shago ya sa mini a leda, na ce ya sake fito da su, na jera su a kan benci ina kallo ina dariya ni kaɗai. Ya ce, "Iya, lafiya kuwa? Takalmi ne fa, ba miji na sayar miki ba." Na ce, "Kai dai karɓi kuɗinka." Won dubu talatin da biyar na kuɗinmu na biya, ko ragi ban nema ba, ni da nake ja-in-ja a kan kabeji ƙwaya ɗaya. Wata uku da suka wuce likita ta ce ƙila ƙafa ɗaya za ta rage masa, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun farin cikin bai huce ba, duk da dai ni a aji shida na tsaya, shi ma da ƙyar.

Sunana Sun-nye. Shekara shida na ba Chun-bae. Mu biyar aka haifa, mu biyu muka rage. Babanmu saran itace yake yi a dutse, innarmu tana noman dankali a gangare, ni kuwa aikina goyo. Ranar da na samu zuwa makaranta da shi nake zuwa a baya, malam ya zaunar da ni bakin ƙofa don in ya fara kuka in fice. Na san ƙafafun nan tun guda biyun suna shiga tafin hannuna ɗaya. In sanyi ya yi tsanani cikin rigata nake cusa su, a kan cikina.

Yana da shekara ashirin da takwas wani kamfani ya saye gangaren da muke noma. Aka sare itatuwa, aka kafa turaku da igiyar ƙarfe mai ɗaukar mutane sama, mutanen birnin Seoul suka fara zuwa suna ɗaura katako a ƙafa suna sulu daga kan dutse. Ashe dusar ƙanƙarar da sama ke zubowa ba ta isar su, sai an yi musu ƙari. Aka ɗauki Chun-bae jan tiyo. Daga jan tiyo ya koma riƙe igwa, shekara talatin cur. Lokacin noma ya yi ƙwadago a gonar kabejin mutane, watan Nuwamba ya koma ya sa hannu a sabuwar takarda. Kullum sabuwa. Ba su taɓa ba shi wadda ta wuce wata huɗu ba.

Igwa muke ce mata a nan, ko da yake ba ta harbin kowa. Duro ne babba a kwance kan ƙafafun ƙarfe, fanka a gindi, bakin kewaye da 'yan hujoji masu fesa ruwa. Fanka ta hura, ruwan ya tashi sama kamar hayaƙi, kafin ya sauko sanyi ya kama shi ya zama dusa. In sanyin bai kai ba, ka yi wa dutse wanka kawai, har ka ɓata ta jiya. Ma'aikatan yanzu na'ura suke dubawa. Chun-bae wata baƙar riga gare shi mai kauri, da ita yake awo. Zai shiga ƙarƙashin feshin ya miƙa hannu. In ƙwayoyin suka faɗo suka yi tsalle daga hannun rigar, ta yi kyau, a ƙara ruwa. In suka manne suka jiƙa rigar, a rage. Daga wannan igwa zuwa waccan, haka yake yini ko ya kwana. Ya sauko gira da gashin baki duk ƙanƙara, in ce, "Ga kakanmu ya dawo daga kabari." Ya ce, "Me?" In sake faɗa da ƙarfi. Ya ce, "Zuba miya dai, Yaya."

Wannan "me" ɗin kuwa ba wasa ba ne. Ƙarar fanka ta cinye masa kunne. Kusan shekara goma ke nan bakin mutum yake kallo. Bai yarda kamfani ya sani ba. In manaja na magana sai ya yi ta gyaɗa kai, bayan nan abokin aikinsa Tak ya maimaita masa a kunnen dama. In yana so ya san ko ƙanƙara ta taru a fikafikan fanka, sai ya cire safar hannu ya dafa duron ya ji irin rawar da yake yi. Matarsa ta rasu shekara tara ke nan, 'yarsu ɗaya tana aure a Busan, don haka a gidana yake cin abinci. Ni ma mijina ya daɗe a ƙasa. Aikina rataye kifi a rumfunan busarwa, shi ma sai da sanyi yake yiwuwa, to mu biyun sama muke kallo.

Sanyin kuwa ya canza hali. A da, kafin Nuwamba ta ƙare an gama rufe dutse. Bana muka shiga Disamba ana ruwan sama. Kifin da muka rataye ya fara ɗoyi, dutse ya yi jawur kamar an fere shi. Sau biyu ana sa ranar buɗewa ana ɗagawa. Masu gidan abinci, masu hayar katakon sulu, masu ɗakunan baƙi, duk wanda ya haɗu da Chun-bae a hanya sai ya ce, "Mai igwa, yaushe ne?" kamar shi ke riƙe da sama. Ga shi a gindin dutsen an kafa sababbin igwa masu kunna kansu, mutum ɗaya na zaune a ofis yana latsa su. Tsofaffin guda goma sha huɗu ne suka rage can ƙoli, na hannu, su ne na Chun-bae da Tak. Manaja ya riga ya faɗa a taro cewa duk wanda jikinsa ya fara gajiya ya faɗi da bakinsa. Kowa ya gane da wa yake.

Sai rediyo ta ce sanyi na zuwa ranar Alhamis, kwana uku zai yi ya wuce. Kwana uku kacal a rufe dutse guda. Alhamis ɗin suka hau.

Abin da ya faru can sama daga bakin Tak na ji daga baya. Juma'a da hantsi mahaɗar tiyon igwa ta tara ta fara wani irin kuka, irin wanda ƙarfe ke yi kafin ya saki. Duk mai aikin nan ya san kukan, ya san a kashe famfo tukuna. Tak ya ce shi daga igwa ta sha biyu yana jiyowa. Chun-bae yana tsaye a kanta bai ji komai ba. Tak na gangarowa yana ihu yana ɗaga hannu, ta fashe. Ƙarfen ya tsallake shi, ruwan ne ya daki ƙafarsa ta hagu ya cika takalmin but ɗinsa har baki. Sanyi digiri goma sha bakwai ƙasa da sifili.

"Sauka ka canza," in ji Tak.

"In sauka in ce me? Su tambaye ni yaya aka yi ban ji ba?"

"Ka ce santsi ya kwashe ka."

"Su rubuta a takarda tsoho ya fara faɗuwa. Miƙo sifana, Tak, surutunka ya fi na matarka."

Ya juye ruwan, ya matse safar, ya mayar. Shi da kansa ya gaya mini ya ɗan jima yana jin zafi kamar ana yanka shi, daga nan ya daina jin komai, sai ya ɗauka ta warware.

Rana na faɗuwa ya shigo gidana yana jan ƙafa. Da almakashi na yanke safar. Yatsun sun yi fari fat kamar kyandir, na ƙwanƙwasa da farce suka yi ƙara kamar itace.

Na ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Ya ce, "Me?"

"Ka ga bakina sarai."

"Yaya, gobe ce ranar ƙarshe ta sanyin nan. In na je asibiti sai sun kira kamfani. In kamfani ya ji, sai a duba kunne. Kin ga an gama da ni ke nan." Sannan ya ce, "Ba ki da wake? Yadda Inna take yi wa Baba."

Ina da wake. Buhu guda na waken suya a rumfar waje, na ajiye zan yi daddawar miya da shi. A garinmu kowa da wannan ya tashi. In sanyi ya shiga ƙafa, ka bar wake ya kwana a waje ya yi sanyi ƙarara, ka cusa ƙafar cikin buhun ka ɗaure baki, wai waken zai tsotse ƙanƙarar. Na ga Inna ta yi wa Baba sau ba adadi, kuma da yatsunsa goma aka binne shi. Ban tsaya na tuna cewa na Baba kumburi ne da ƙaiƙayi kawai ba, bai taɓa yin fari haka ba. Na jawo buhun, na durƙusa, na kama ƙafar ƙanena na tura ciki da hannuna. Har ina cewa, "Kar ka matso inda ɗaɓen ya fi ɗumi." Ina jin daɗi wai na iya abin da uwarmu ta iya.

Da safe ƙafar ta saki, ta kumbura, ta yi manyan ƙuraje masu baƙin ruwa. But ɗinsa ya ƙi shiga. Na ɗauko na mijina, wanda ya fi girma, na sa masa safa biyu, na ɗaure masa igiya. Ni na ɗaure. Ya koma ya yi wani yinin a ƙoli, ƙafar ta sake daskarewa. Likita ta ce daga baya wannan komawar ce ta fi komai ɓarna.

Lahadi aka buɗe. Motoci tun daga bakin gada, kiɗa na tashi daga lasifika, baƙi da jajayen riguna suna gangarowa a kan dusar Chun-bae suna shewa. Shi yana kwance a ɗakina ƙafa cikin buhu. Ya aika wa manaja cewa mura ce. Kullum da safe in juye waken a tire in fitar waje ya sha sanyi, in dawo da shi. Litinin yatsun suka yi shuɗi. Talata suka yi baƙi. Na ce ai mataccen jini ne ke fitowa. Na fara jin wari, na ce waken ne ya jiƙe. Na sani fa. Can cikin raina na sani, amma in na yarda, to na yarda ni na yi, sai in ƙara zuba sabon wake.

Laraba da rana Tak ya zo da kwalba biyu na giyar shinkafa da busasshen kifi, wai a yi murna. Tun daga ƙofa yake tsiya: "Ina kurman yake? An ce mura ta kayar da sarkin ƙoli." Ya zura kai cikin ɗaki. Chun-bae na rawar ɗari, leɓe a bushe, yana kiran sunan matarsa. Tak ya kwance bakin buhun ya leƙa. Ya fita ya tofar da yawu, ya dawo.

"Babbar Yaya, kwana nawa?"

"Biyar."

"Kwana biyar kina dafa shi da wake."

"Haka Inna take yi."

"Inna ta mutu, Yaya. Shi ma so kike ya bi ta? Buɗe mini ƙofa."

Tak, mutum mai shekara sittin da ɗaya, ya saɓa shi a baya, ya kai shi motarsa ta ɗaukar kabeji. Awa guda da rabi muka yi muna gangarawa zuwa babban asibitin bakin teku, kan Chun-bae a cinyata, ƙwayoyin wake suna zubowa daga ƙafar wandonsa suna mirginawa a ƙasan mota.

Likitar mace ce, sunanta Byeon, ba ta kai 'yar Chun-bae shekaru ba. Ta daɗe tana duba ƙafar. Ta zaro ƙwayar wake ɗaya daga tsakanin yatsu da hantsaki, ta ɗaga.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ce."

Ashe Chun-bae yana kallon bakinmu. Ya ce, "Ni na sa ta."

Ta ce, "Ba ku ne na farko ba daga dutsen nan." Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce yatsun sun riga sun mutu, ba su ne damuwarta ba. Ta nuna mini wani ja da ya taso daga idon sawu yana hawa ƙwauri. Ta ɗauki baƙin biro ta ja layi a fatar, daidai inda jan ya tsaya.

"Iya, kalli nan. Za mu sa masa magani ta jijiya. In jan nan ya tsaya, yatsu kawai zai rasa. In ya ci gaba da hawa, zan yanke daga ƙasan gwiwa. Ba zan jira ya gama da jininsa ba."

Washegari ya tsallake layin da faɗin yatsa biyu. Ta ja na biyu sama kaɗan, ta ce wannan ne na ƙarshe, ta sa aka kawo takardar yarda da aiki. 'Yarsa tana hanya daga Busan, ni ce a wurin. Sunana dama da ƙyar nake rubuta shi daidai, haka dai na sa hannu. Chun-bae ya ga takardar ya gane.

Ya ce, "Yaya, in sun yanke, kar ki zubar da takalmana na hagu. Ki ba Tak, nasa kullum na hagun ke fara cinyewa."

Na ce, "Rufe mini baki."

Ya ce, "Me?" Wannan karon da gangan ya yi.

Na ja kujera na zauna gaban ƙafar. Ban san wani abu da zan yi ba sai kallo. Ina da zaren ɗinki a aljihu, na tsinke guntu daidai tazarar da ke tsakanin jan da layin, jim kaɗan in ɗora in gwada. Wata nas ta ce, "Iya, kallo ba ya hana shi tafiya, ki je ki ci abinci." Na ce na ji, ban motsa ba. Zuwa yamma zaren ya yi wa tazarar tsawo, na datse. Na sake datsewa. Har ya rage bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba. Daga nan ban sake datsewa ba. Na gwada, na sake gwadawa, yana nan daidai. Da gari ya waye likita ta zo da masu tura gado, ta ɗage bargo, ta danna fatar da yatsa, ta kira wani babban likita shi ma ya danna. Ta ce wa masu gadon su tafi. "A ba shi zuwa gobe." Goben ta yi, jan ya ja baya da faɗin farce.

Na zagaya bayan asibiti inda ake ajiye shara na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Inna.

Sati shida suka jira don su ga inda mataccen nama ya tsaya. Ƙarshen Janairu suka cire yatsu huɗu da ɗan gefen tafin. Babban yatsa ya tsira, diddige ya tsira. Kamfani ya aiko da kwali ɗaya na lemon kwalba da kati. A asibitin aka gwada kunnen, takardar kuma ta kai inda yake tsoron ta kai. Manaja ya zo da kansa, ya sunkuya sosai, ya ce shekara talatin ba wasa ba ce, ya ce a huta haka. Igwa goma sha huɗun ma bana ne ƙarshensu, 'yan gwangwan za su kwashe. Chun-bae ya juya fuska bango kwana biyu.  Ban san me zai yi da kansa in Nuwamba ta zo ba. Waken na kai wa kajin Tak, ya ce su ma sai da suka yi shawara kafin su ci.

To yau na dawo da takalmin. Ya karɓa yana jujjuyawa.

"Lamba nawa?"

"Milimita ɗari biyu da sittin da biyar, kamar kullum."

"Na hagun nan ɓarnar kuɗi ne. Rabinsa sai dai a bayar haya."

"Sa dai."

Na cusa auduga a gaban na hagun, na durƙusa zan ɗaure masa igiya, sai hannuna ya tsaya, don na tuna waccan safiyar. Ya lura. Ya ture hannuna a hankali ya ɗaure da kansa.

"Yaya, ni na ce ki kawo wake."

"Ni ce babba."

"To babba, matsa in wuce."

Sandar da yake dogarawa ma ya jingine ta. Ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya tako daga baranda zuwa ƙofar gida, taku goma sha tara, na ƙirga da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Yana ɗingishi, yana cije leɓe, amma sawu biyu ne a ƙasa, na dama da na hagu. Dusar ƙarshen Maris ce ke ɗan zubowa, irin mai nauyin nan. Da ya kai ƙofa sai na ga ya miƙa hannu. Baƙar rigar ce a jikinsa. Ya daɗe yana duba hannun rigar.

"Ruwa ya yi yawa," in ji shi. "Wanda ya yi wannan kora ce ta dace da shi."

Na ce, "Juyo ka dawo, miya na hucewa." Bai ji ba, ya ba ni baya. Na bar shi a tsaye, na sauka tsakar gida na bi sawun ɗaya bayan ɗaya ina sake ƙirgawa kafin dusar ta rufe su.